Tukwane a Hanyar Lambatu

Tun da 'yan gudun hijira suka cika Gamboru, ruwan kwata ya daina wucewa. Ya kwanta a lunguna, ya yi kore, amai da gudawa na kwantar da yara. Sai da abin ya kai haka aka yarda a haƙa sabon lambatu.

An turo Yagana, wadda ta karanta binciken kayan tarihi a jami'a, ta duba hanyar kafin katafila ta shiga. Manyanta sun so ta sa hannu daga ofis, wai me zai kwanta a ƙarƙashin kwatar Gamboru? Ta ƙi. Ta ɗauko cebur ta bi lungu lungu.

A bayan wata katanga, gindin dogonyaro, ta ci karo da tukunya. Ta share ƙasar a hankali. Rabin tukunya ne a kife, wani na biye da shi, a jere.

Injiniya Wilson, mai kula da aikin, ya leƙo. "Malama Yagana, kin samo mana tukwanen mutanen da? Gobe sai mu gan ki a talabijin."

Ba ta yi dariya ba. Tukwanen na zamani ne, irin na kasuwa. Haka ake jera su a kan mamaci kafin a mayar da ƙasa.

"Kabari ne," in ji ta. "Kuma bai daɗe ba."

Wata tsohuwa da ke tsaye a ƙofar gidan da ke gefe ta zauna a ƙasa. Sunanta Ya Kaltum. Tun safe take bin ceburin da ido.

Yagana ta durƙusa kusa da ita. "Iya, wane ne?"

"Umara ne. Ɗana." Ta dubi tukwanen. "Shekarar da aka hana fita, harsashi ya same shi a ƙofar nan. Wa zai kai gawa makabarta? Wanda ya ɗauka ma sai a ce yana tare da 'yan ta'adda. Ni da maƙwabciyata muka haƙa. Randunan gidana na fasa. Ko salla ba a yi masa ba." Ta kama hannun Yagana. "'Yata, kada ƙazantar unguwa ta bi ta kansa."

Wilson ya cire hular kwanonsa. Ya dubi lungun, ya dubi kabarin. "In na karkatar da hanyar, sai mun fasa dakalin Bulama, mai unguwa. Kuma a ofis za su ce aikinki tarihi ne, wannan ba tarihi ba ne."

"To su zo su faɗa mata da bakinsu," in ji Yagana. "Ni ba zan sa hannu ba."

Tare suka je wurin Bulama. Ya saurara har ƙarshe, ya daɗe yana kallon dakalin da yake zama a kai kullum.

"Umara ne ya ɗora mini bulon nan," in ji shi. "Mun ɗauka daji ya shiga, ya bi 'yan ta'adda. Har zaginsa mun yi. Ku fasa dakalin."

Bayan la'asar liman ya zo, maza suka yi sahu a lungun, suka sallaci Umara a kabarinsa. Ya Kaltum na tsaye daga ƙofa. Da aka watse, Yagana ta mayar da ƙasar da hannunta, Wilson kuma ya cire turakun awo ya kafa su a ɗaya gefen, ta wajen dakalin.