Bujen Alhaji Aƙilu

Wata biyar da rasuwar Hajiya Luba, ba wanda ya nemi Alhaji Aƙilu da wani aiki. Gaisuwa dai ana yi masa, ta waya. 'Ya'ya na Abuja da Legas, gidan nan na Nassarawa GRA kuwa ɗaki tara ne, shi kaɗai yake kwana a ciki. Shi ya sa da tsohon abokinsa Alhaji Sanusi ya roƙe shi ya tsaya wakilin ango a ɗaurin auren ɗansa ranar Asabar, ƙarfe sha ɗaya a Tudun Wada, Aƙilu ya kwana uku yana maimaita abin da zai faɗa.

Ranar Asabar ɗin da hantsi ya fito da farar shaddarsa ta zuwa taro: babbar riga, 'yar ciki, da buje. Yaran yanzu komai wando suke ce masa. A zamaninsu kowanne da sunansa, akwai tsala mai matse ƙafa, akwai mai kamun ƙafa da aiki a idon sawu, sannan buje, wanda faɗin ƙugunsa sai ya ɗauki mutum uku. Mazagi ne kawai ke tattare shi a jiki.

Ya ware bujen, ya laluba ƙubaka, ramin da mazagin ke bi. Babu komai a ciki. Sai ya tuna Luba ba ta ajiye farin kaya da mazagi, wai rinin zaren yana zuba a shadda. Zarewa take yi ta adana daban, ranar fita ta zura masa kafin ya fito daga wanka. Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa ganin yadda take yi ba.

Mazagan ya same su a gwangwanin alawa cikin durowarta, a nannaɗe. Ya zauna bakin gado ya fara turawa da yatsa. Taƙi ɗaya ya shiga, ya tsaya. Ya ɗaura a biro, biron ya suɓuce ya maƙale a tsakiya, sai da ya yi gumi ya fito da shi.

Ya kira 'yarsa Najla.

"Abba, ina cikin taro. Ka sa wani wandon mana, wa zai leƙa ƙarƙashin babbar riga?"

"A tabarma za a zauna, ƙafa a waje. Wakilin ango da riga fara, wando ruwan toka?"

"To ka ba Mamman ya yi maka."

Mamman maigadi ne, tsoho kamarsa. Amma mutumin da ya yi fataucin fata har Tripoli, a ce ya fita bakin ƙofa riƙe da wandonsa yana neman taimako? Ya koma ya gwada da tsinken tsintsiya. Tsinken ya karye a ciki.

Sha ɗaya saura kwata ya haƙura, ya fito da jallabiya, buje a kafaɗa.

Mamman ya duba wandon, ya dubi maigidan. "Alhaji, wannan ai rumfar biki ce."

"Rumfar ce ta fi ƙarfina. Ka iya?"

"Ni da na bar matata a ƙauye shekara ashirin? Kawo."

Ya zaro asuwaki daga aljihu, ya ƙulle bakin mazagin a kai, ya tura, yana tattaro yadin yana saki. Karyayyen tsinken ne ya ɗan ba shi wahala. Aƙilu na tsaye a kansa yana kallon kowane motsi.

Kafin ya shirya, ya naɗa rawani, sha ɗaya da minti ashirin ta yi. Yana buɗe mota waya ta yi ƙara. Sanusi ne, hayaniyar maroƙa a bayansa.

"Alhaji, lafiya dai? Liman na da wani auren a Gawuna, dole Shu'aibu ƙanena ya tsaya. An ɗaura. Kada ka wahalar da kanka."

"Allah ya sanya alheri," in ji Aƙilu. "Wani ɗan uzuri ne ya riƙe ni."

Mamman ya riga ya wangale ƙofar gida. Aƙilu ya yi masa alama da hannu ya mayar. Bai koma ciki ba. Ya tattara babbar rigarsa ya zauna a bencin maigadi, cikin shadda da turare, suna jin motoci na wucewa ta bayan katanga.