Sakainar Hamidu da Haddar Mainasara

Akwai wani ciwo da ke kama mai basira, shi ne ƙin a gyara masa a gaban mutane. Shi ya kama Mainasara na Ƙofa, kuma bai sake shi ba sai da ya yi masa ɓarna.

A shekarun da Yaƙi da Jahilci ya iso ƙasar Bebeji, ana gama kaka aka buɗe aji a zauren Dagacin Ƙofa. Ɗaliban duk magidanta ne, wasu har da furfura. Malamin yakan zo daga Bebeji a kan keke, ya koyar, ya koma. Dagaci kuwa ya faɗa da bakinsa cewa in an yi jarrabawa, wanda ya fi kowa shi za a damƙa wa ajin baɗi, gari ya huta da aron malami.

Cikinsu akwai Hamidu, manomi, mutum mai nauyin kai. Harafin da ya kama yau, gobe ya tsere masa. Amma yana son ajin nan ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba, don ya san dariya za a yi. Kowa ya riga ya ba Mainasara ajin, taubashinsa ke nan, wanda in malam ya karanta shafi sau ɗaya ya ɗauke shi ke nan.

Wata rana Hamidu ya lura da wani abu da ya tayar masa da hankali. In ya buɗe littafin koyo yana karantawa tiryan-tiryan, amma in ya ga kalma ɗaya ita kaɗai a allo, sai ta zame masa baƙuwa. Ashe bakinsa ne ya san hanya, idonsa bai sani ba. Ya koma gida ya shiga tattara fasassun ƙore.

Matarsa Tasalla ta ce, "Malam, har sakainar kwasar tokar tawa?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, makaranta zan sa ta."

Ya nemi tawada da alƙalamin kara, ya rubuta kalma guda a kan kowace sakaina, ya zuba a kwando. Bayan la'asar ya kira 'yan ajin gindin tsamiyar ƙofar gidansa. Dokar ita ce a girgiza kwando, mutum ya kau da kai ya zaro, ya karanta da ƙarfi kowa na ji. In ya yi kuskure a gyara masa, a yi masa dariya iya son rai, kuma sakainar da ta kayar da shi ya tafi da ita gida a aljihu, sai ya san ta zai dawo da ita. Hamidu kansa yakan tashi aljihu na ƙarar ƙwarya kamar mai talla.

Mainasara ya biyo ta nan ran nan, ya tsaya yana kallo.

Ya ce, "Kai bawana, me nake gani haka? Duba ka koma yi?"

Hamidu ya ce, "Duba ne mana. Zo in duba maka, ko akwai karatu a cikin wannan ƙaton kan."

Jama'a suka sa baki, suka ce sai ya zara. Mainasara ya sa hannu ya zaro, ya juya sakainar sama, ya juya ta ƙasa. Wani daga baya ya ce, "A kife take, Mainasara!" Dariya ta ɓarke, irin wadda kowa a wurin ya sha, ba wanda ta kashe. Shi kuwa fuskarsa ta canja. Ya jefar da ita ya ce tawadar ce ta dame, rubutun Hamidu ko kaza ta fi shi. Bai sake takowa gindin tsamiyar ba.

Abin ya tsaya wa Hamidu a rai. Yana son ajin, gaskiya ne, amma Mainasara ɗan goggonsa ne. Ya same shi a gida da hantsi yana gyaran danga.

Ya ce, "Ajiye wasa, Mainasara. Abin da ya same ka ni ma shi ya same ni. In jama'a ce ba ka so, in kawo kwandon nan zaurenka, daga ni sai kai."

Mainasara ya ce, "Ni da ke kai littafi daga bango zuwa bango ba numfashi, ni za ka zaunar da tarkacen mata? Ka tanadi tabarmarka dai, baɗi a gabana za ka zauna."

Hamidu ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Ranar jarrabawa suka ɗunguma zuwa Bebeji, kowa da rigarsa ta Juma'a. Mai jarrabawar daga Kano aka aiko shi, mutum marar yawan magana. Bai ko taɓa littafin koyo ba. Jarida ya zaro daga jaka, ya riƙa kiransu ɗai-ɗai, ya ɗora yatsa a wuri ya ce a karanta.

Da aka zo kan Hamidu, ya matso gaban jaridar. Da ya dubi layin, sai ya ga tsofaffin abokan faɗansa ne suka jeru, waɗanda suka sha kwana a aljihunsa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, a hankali, bai tsallake ko guda ba. Ya yi tuntuɓe a wata doguwar kalma, ya koma ya tsinka ta gaɓa-gaɓa har ta miƙa wuya.

Aka kira Mainasara. A shafin da aka ba shi akwai hoton saniya. Littafin koyo ma yana da darasi mai hoton saniya, don haka ya gyara murya ya kama zubowa: saniya tana ba mu nono, saniya tana ba mu taki, har ƙarshen darasin, ko gargada babu. Mai jarrabawa ya bari ya dire.

Ya ce, "Madalla da hadda. To yanzu karanta mana abin da ke rubuce. Sanarwar allurar shanu ce."

Mainasara ya dubi takardar, ya dubi rufin ɗaki. Ba wanda ya yi dariya a wannan karo, Hamidu ma sunkuyar da kai ya yi.

Da sakamako ya fito, 'yan gindin tsamiya kusan dukansu sun ci, har ana tambaya a kasuwar Bebeji wane irin malami mutanen Ƙofa suka samu. Hamidu ne na ɗaya. Dagaci ya miƙa masa satifiket a gaban jama'a, ya ce, "Malam Hamidu, ga ajinka." Tasalla ta rangaɗa guɗa daga cikin gida har muryarta ta dushe, dattawa kuwa suka riƙa karɓar takardar hannu bibbiyu suna dubawa, ciki har da waɗanda ba su san baƙi ba.

Mainasara kuwa ya rasa satifiket. Ya rasa ajin da ya riga ya ɗauka nasa ne. Ya rasa rani guda cur da ya saba tafiya fatauci, ya zauna domin karatun da bai samu ba. Kuma da aka sake buɗe aji, kunyar zama gaban taubashinsa ta hana shi shiga, ya tsufa yana dangwala yatsa a takarda.