Taken Maharazu

"Ƙara ƙarfi, Adama! Daka kike yi ko lallashin turmin?"

Ni ce da wannan faɗa, gumi na shiga mini ido. Turmi biyu muka kafa a ƙofar ɗakin mijinta Maharazu, babu komai a cikinsu sai dusa. Ba gari muke nema ba, ƙara muke nema. Can bayan rumfunan mahauta an fara kiɗan dambe tun la'asar, mu kuwa mun ƙudura Maharazu ba zai ji kalangun nan ba.

Sunana Rahab. Danga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu, a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Kafur. Mu masu zuwa majami'a ne, su mahauta ne Musulmi, amma da uwarsa ta rasu ni na goya Maharazu tare da nawa, shi ya sa yake ce mini Inna. Ya tashi ya zama ɗan damben da ake ji da shi har Funtua. A kakar 1964, yana da shekara ashirin da shida, wani ya same shi a bayan kunne a fagen Kafur. Ya miƙe yana dariya, ya dawo gida da ƙafarsa. Bayan kwana uku jini ya fara zuba ta kunnen, ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarsa. Mijina Amos ya kai shi asibitin mishan a kan jaki. Likita ya ce jini ne ya taru a cikin kai, a kwantar da shi, kada ya yunƙura, kada a tayar masa da rai. In ya yunƙura, shi ke nan.

To, wanda bai san ɗan dambe ba shi zai ce abin da sauƙi. Kowanensu yana da takensa, kiɗan da makaɗi ke yi masa shi kaɗai. In aka buga, jikinsa tsuma yake yi, ko loma ce a hannunsa sai ya yar ya miƙe. Na sha gani da idona. Don haka tun da safe na tare Mudi makaɗi a bakin rijiya, na ce, "Mudi, ka ji tsoron Allah. Ka kaɗa wa kowa, amma ka taɓa na yaron nan, ni da kai ne." Ya sunkuyar da kai ya ce to. Dakan nan kuwa don ban yarda da alkawarin makaɗi ba ne.

Muna cikin yi sai murya ta fito daga ɗaki.

"Inna, ku huta haka nan. Dusar ta ji jiki."

Na ajiye taɓarya na leƙa. Yana kwance a gadon kara, duk ya zube, sai kafaɗun nan.

"Tun farko ina jin kalangun," ya ce. "An yi na Shitu, an yi na Rabe, har na baƙin Funtua an yi. Nawa ne ba a yi ba."

"Ni na hana," na ce. "Gobe ma zan hana. Ko ba ka ji likita ba?"

Ya juya fuskarsa wajen bango.

"Inna, a wurinmu makaɗi ba ya barin taken mutum sai ya mutu. Duk wanda ke fagen nan zai koma gida ya ce Maharazu ya tafi."

Wayyo ni! Shekara talatin ina maƙwabtaka da mahauta ban san wannan ba. Na waiwaya na dubi Adama, ita 'yar mahauta ce gaba da baya.

"Ke kin sani?"

"Na sani, Inna," ta ce, tana murza bakin zane. "Na ce gara a ce ya mutu, ni ina ganinsa yana numfashi."

Tausayin su biyun ya cika mini ciki, na rasa wa zan bi. Ta daɗe tana kallon bayan mijinta, sannan ta share ido.

"Je ki kira Mudi, Inna."

Na ratsa fage, ni tsohuwa, maza suna buɗe mini hanya. Mudi na ganina ya tsaya da kiɗa, ya ɗauka mutuwar ce na kawo. Na ce ya biyo ni, kuma ya yi a hankali. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin, ya matse kalangu a hammata, ya fara kamar mai raɗa.

Gadon kara ya soma ƙara. Maharazu ya zauna. Ya dafa bango ya miƙe, ƙafar hagu na ja, har ya kama bakin ƙofa. Adama ta miƙa hannu za ta riƙe shi, sai ta mayar.

"Haba Mudi," ya ce, "yunwa kake ji? Sake shi su ji."

Mudi ya sake shi. Can sai ihu ya taso daga fage, ana kiran sunansa. Ya dunƙule hannun dama ya ɗaga sama, yana murmushi irin na ranar da ya fara tafiya. Ni dai kuka nake yi, ba na ɓoyewa.

Mu biyu muka mayar da shi gado. Ya sha kunu rabin ludayi, ya ce na cika tsamiya. Washegari da hantsi ya cika, kansa a cinyar Adama.

Har yau in na tuna ƙafata ce ta je fagen, zuciyata takan yi nauyi. Adama ba ta taɓa yi mini maganar ba.

Ranar uku na kai wa masu zaman makoki ruwa a ƙofar gida. Mudi na can ƙarshen tabarma, bai zo da kalangu ba, idonsa a ƙasa. Yatsunsa biyu ne kawai ke buga taken Maharazu a gwiwarsa a hankali. Liman yana kusa da shi, ya gani, bai hana shi ba.