Kusa ta Ashirin da Shida

Mai Kunne ake ce masa, don shi bakanike ne da ya fi yarda da kunnensa a kan idonsa. Kwana tara ya yi a kan injin babbar motar da ƙanensa Dogo ke tuƙawa. Ya canja fistin, ya canja ringi, ya wanke kan injin har yana ɗaukar ido. Saura a ɗora kan a ɗaure shi da kusoshinsa ashirin da shida, waɗanda aka kwance daga jikinsa.

Ya jera su a kan tebur kamar yara a layin makaranta. Sai ya ɗauki ɗaya, ya rataye ta da zare, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya karkata kai. Bayan nan ya zura mata noti da yatsa tun daga sama har ƙasa. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ashirin da biyar suka yi ƙara siririya mai tsawo, notin kuma ya bi su sumul. Ta ƙarshe ta ce ƙwal ta yi shiru, notin ya cije a tsakiya.

"Wannan ta miƙe," in ji shi. "Ƙugunta ya sirance."

Dogo na ta kai da kawo a bakin gareji, makulli na kaɗawa a hannunsa.

"Yaya, kusa ɗaya fa. Ashirin da biyar ba za su rufa wa ɗaya asiri ba? Mai mota ya ce in rana ta faɗi ban ɗauki kaya ba, gobe wani ne a kujerata."

"Ka je kasuwa?"

"Shago bakwai na shiga. Sun ce sai sati mai zuwa."

Mai Kunne ya san hanyar da motar za ta bi. Akwai hawa mai tsawo, ga siminti buhu ɗari shida a baya. In kusar ta tsinke a nan, ruwa ya haɗu da baƙin mai, injin ya mutu a tsakiyar tudu, to sai abin da Allah Ya yi. Ya kuma san ƙanensa na da 'ya'ya biyar, ba shi da wata sana'a sai sitiyari.

Ya ɗauki kusar ya ajiye. Ya sake ɗauka. Ya zura ta a raminta, ta shige lafiya kamar ba ta da laifi, har ya ɗora mata sifana. Sai ya zare ta, ya fita waje ya tsaya yana kallon wata tsohuwar taya da ruwa ya taru a ciki, ya dawo, ya sake ƙwanƙwasawa ko ta canja magana. Ba ta canja ba.

"Ƙarfe ma yana tuna wahalar da ya sha," ya ce.

"To ka ba shi haƙuri mu tafi."

Sai wani abu ya faɗo wa Mai Kunne a rai. Ya jefa kusar a aljihu, ya bi titi da sauri, ya wuce mai faci da mai walda ba ko gaisuwa, shi da in ya tsaya gaisawa sai an ja hannunsa.

Matarsa na ɗaki a kan keken ɗinki, fanka na busa yadi. A kan yadin kuwa ga wata doguwar kusa a kwance, ta danne shi kada iska ta ɗaga. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya sayi kwalin sababbi na irin wannan injin, aka yi kuskure aka sa ɗaya ta yi rara. Ya kawo ta gida don siffarta ta burge shi, ita kuma ta mallake ta. Ba a taɓa ɗaure ta a jikin komai ba. Man keke da tafin hannu sun sa ta sheƙi.

"Ina za ka kai min Malam Shiru?" ta ce, ganin ya miƙa hannu.

"Aiki ya samu."

"Shi kaɗai ne namijin gidan nan da in na ajiye shi nake tarar da shi a wurin."

"Ran Dogo ne, uwargida. Ga madadi."

Ta karɓi tsohuwar ta juya ta, ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Wannan ai warin gas take yi. Je ka, amma ka gaya wa ƙanen naka ina bin sa gaisuwa har ya tsufa."

A gareji ya rataye Malam Shiru ya ƙwanƙwasa. Ƙarar ta daɗe tana yawo a ƙarƙashin kwano, har Dogo ya daina kaɗa makulli. Suka ɗora gaskit, suka sauke kan injin a hankali. Ya fara ɗauri daga tsakiya yana zagayawa zuwa gefe, zagaye uku, kowane ya fi na baya ƙarfi, leɓensa na motsi. Dogo ya buɗe baki, Mai Kunne ya ɗaga masa yatsa, ya rufe.

La'asar sakaliya aka tayar. Injin ya yi tari sau biyu, ya tofar da baƙin hayaƙi, sannan ya kama sauti daidai. Dogo ya haye, ya leƙo ta taga.

"Ka ce wa uwargida zan ɗinka mata riga."

"Ita ce tela, sakarai. In ka hau tudun ka kira ni."

Motar ta fice. Mai Kunne ya bi ta har bakin titi, kai a karkace, yana tsince ƙarar injin daga cikin hayaniyar gari har ta ɓace. Ya koma ya zauna, ya tashi, ya share wurin da ya riga ya share. Waya ta yi ƙara, ya zaro ta da hannu mai baƙin mai. Matarsa ce.

"Wannan baƙon naka mirginawa yake yi. Sau uku ina tsinto shi a ƙarƙashin gado."

"Ajiye wayar, uwargida. Dogo zai kira."