Mai Buga Ƙarfen Makaranta

Keziya ta rungume turken rumfa ta ƙi saki, ga yunifom a jiki, ga jaka a baya. Uwarta Roseline ta ja, ta lallasa, ta ɗaga silifa, duk a banza. Yarinya ce 'yar firit, amma in ta kafe sai ka ce dasa ta aka yi.

"Ƙyale ta, Maman Keziya," in ji wata murya daga tagar da ke kallon tsakar gida. "Turo min ita."

Malama Rukayya ce, mai gidan da Roseline ke haya, kuma malamar ajin Keziya a firamaren da ke bayan katanga. Ta kwana biyu a kwance, ciwon ƙoda ya kumbura mata ƙafafu har ba ta iya taka ƙasa.

"Malama, yarinya nan ya gajiyar da ni," Roseline ta ce. "Tun da kin kwanta, wai ba zai je sukul ba. Gara in tafi da shi wurin kankare citta, ko ba komai ina ganinshi."

Ba mugunta ta sa ta faɗi haka ba, tsoro ne. Bara suka zo Kafanchan daga ƙauyensu na kan duwatsun Kauru, bayan harin da ya cinye mijinta Martins da rumbunansu. A ƙauyen akwai tsohon ƙarfen tayar mota rataye a bishiya. Ba a buga shi sai mahara sun taho, kuma duk wanda ya ji, daji zai nufa. To, ita ma makarantar nan irin ƙarfen ne ƙararrawarta. Ranar farko da aka buga na tashin tara, Keziya ta dira ta taga, sai a gonar masara aka tsinto ta, siket jiƙe da fitsari. Yara suka sa mata suna Zomo. Hedimasta, wanda a wurinsa kowace cuta aljanu ce, ya ce a kai ta wajen addu'a.

Da yammacin ranar Malama Rukayya ta jawo kujera kusa da Roseline tana taya ta tsince wake, da hira da hira har ta ji labarin ƙarfen. Washegari ta kama hannun yarinyar zuwa gindin mangwaro inda ƙarfen ke rataye, ta damƙa mata sandar bugawa.

"Daga yau ke ce mai shi. Ba zai yi ƙara ba sai kin ga dama."

Tun daga nan Malama ke duba agogo ta gyaɗa kai, Keziya ta fita ta buga. A hankali bakin yarinyar ya buɗe a aji, har ta yi ƙawa, wata mai suna Zamzam. Yanzu da mai gyaɗa kan ta kwanta, komai na neman komawa baya.

Ɗakin Malama na warin magani da man zafi. Keziya ta tsaya a bakin gado, kai a sunkuye.

"Kin san abin da ke ƙara min ciwo?" Malama ta ce. "Wannan yaron da ke buga ƙarfe yanzu. Kamar mai faskare. Daga nan ina jin komai, kuma hannunki na sani."

"In na buga za ki ji?"

"Ko barci nake yi."

Keziya ta gyara jakarta ta fita. Roseline ta bi ta da kallo, ta ji kunya da godiya sun cika mata ƙirji lokaci guda.

Haka aka ci gaba. Kullum aka tashi, yarinyar za ta shigo a guje, ko takalmi ba ta cirewa sai an tuna mata. "Malama, kin ji?" Ita kuwa ta ce, "Na ji, amma yau kin makara kaɗan." Da jiki ya yi tsanani, magana ta gagara, sai dai ta ɗaga yatsa ɗaya daga kan bargo. Keziya ba ta neman fiye da haka.

Ranar Alhamis da sassafe, Roseline na hura gawayi ta ji Iya, yayar Malama, ta ɗauki salati a ɗakin, murya na rawa. Ta gane. Ta yi maza ta sa wa Keziya yunifom, ta fitar da ita ta ƙofar baya.

"Ban gaishe da Malama ba."

"Yana barci. Jeki, kar ki makara."

A ranta ta ce da yamma za ta zaunar da ita ta gaya mata, ta kai ta ta ga fuskar Malama su yi sallama. A wurinsu gawa takan yi makonni a mutuware, a jira na nesa, a ɗinka anko, matan zumuntar coci su zo da waƙoƙi. Ta sha jin cewa Musulmi ba sa jinkiri, amma ba ta taɓa zaton rashin jinkirin ya kai haka ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi an yi wanka, an yi sutura, maza sun yi sahu a ƙofar gida. Suna ɗauke da makara suna bin jikin katangar makaranta aka buga ƙarfen tara. Roseline na tsaye a zaure, ta san hannun da ya buga, ta toshe baki da gefen zani.

Keziya ta dawo a guje ta tarar da takalma zube a ƙofa, mata zaune kan tabarmi, katifar Malama a jingine a rana.

"Ina Malama?"

"Allah ya yi mata rasuwa, 'yata," in ji Iya. "An kai ta tun ɗazu."

Yarinyar ta juya ta dubi uwarta. "Kin ce yana barci." Sannan ta ce, "Na buga. Bai ji ba?"

Roseline ta ji ta tsani kanta. Ranar Keziya ba ta yi kuka ba, ba ta kuma taɓa abinci ba.

Washegari Roseline ta saka ƙaramar wuƙar kankare citta ta biyu a buhun aikinta, don ta riga ta fid da rai da makaranta. Tana fitowa daga wanka ta ga ba yunifom a igiya, ba Keziya a ɗaki. Ba ta gama ɗaura zani ba ƙarfen ya fara ƙara, da sauri da sauri, ba tsayawa, irin bugun ƙauyensu. Masu zaman makoki suka ɗaga kai. Ita kanta Roseline ƙafafunta suka nemi gudu, ta daure ta nufi katanga ta leƙa.

Yara sun yi layi, malamai na tsaye, hedimasta ya harɗe hannu a baya, kuma ba wanda ya je ya karɓe sandar. Keziya ta buga har hannunta ya gaji. Ta ajiye sandar a gindin mangwaro, ta goge fuska da kwalar riga, ta tako zuwa layin 'yan ajinsu. Zamzam ta matsa mata wuri. Da layin ya fara tafiya aji, Keziya ta kama gefen hijabin ƙawarta ta bi.