Tsatsar Kunamar Bindiga

Shekara shida Zulkifilu yana neman ƙarfen nan, ranar Alhamis sai ga shi an kawo. Tun daga ƙofar gidansa a Hyattsville ta Amurka yake ihun murna, injiniya guda da furfurarsa! Kunamar tsohuwar bindigar soja ce, wadda asali da dutsen ƙanƙara take tashi, daga baya aka yanke kaskon albarushinta, aka mayar da ita mai fasa 'yar hular tagulla da ke kunna albarushi. Da ita zai shiga gasar masu tara kayan tarihi ranar Asabar. Su kuwa mutanen nan tsatsa ce darajar kaya a wurinsu, wanda ya goge ta ya kashe abin.

Wannan ne bai faɗa wa mahaifinsa ba. Baba maƙeri ne daga Wudil, ya zo aka yi masa aikin ido, wata biyu ke nan yana zaune bakin taga shiru.

Washegari da Zulkifilu ya dawo daga aiki, ya tarar da Baba a gareji da magagari da lemon tsami da man gyaɗa. Kunama na ƙyalli kamar sabon cokali.

"Baba! Me kuka yi mata?"

"An cuce ka, ɗan nan, matacciya aka aiko maka. Saurara." Ya ja ta baya, ya saki. Ƙas! "Zo ka ga. Wanda ya toshe ramukan nan na gurbin kasko bahago ne, dubi kwanciyar magagarinsa. Gwani ne wallahi! Da ma na san shi."

Dariya yake har da buga cinya. Tun da Baba ya sauka daga jirgi Zulkifilu bai ji dariyarsa ba.

Ranar Asabar, Pauline mai tantance kayan ta ɗaga kunamar ta dafe kai, nan take ta cire Zulkifilu daga gasar. Abin ya yi masa ciwo, ba ƙarya. Amma yana waiwayowa ya ga mutane sun yi dafifi a teburinsa, Baba na ta ƙas, ƙas, yana nuna musu aikin bahagon nan da Hausa zalla. Zulkifilu ya kutsa yana fassara har muryarsa ta dishe.

Can ya jawo katin bayanin kunamar da ke kan teburin. Ƙarƙashin "An sauya ta wajajen 1850" ya ƙara da biro: "An tashe ta bana, a hannun Maƙeri Ɗanladi na Wudil, mahaifina."