Ranar da Ba a Kira Jannatu Ba

Jannatu ta gama makarantar koyon aikin jinya a Birnin Kebbi da damina, ta koma gida Argungu tana jiran jarrabawar kansil, wadda sai mutum ya ci ta ake ba shi lasisin aiki. Gidansu ba shi da nisa da bakin gulbi. Mahaifinsu ya daɗe da rasuwa, saura ita da mahaifiyarta Inna Kulu, da yayanta Munzali da matarsa Baiwa. Munzali manomin shinkafa ne a fadama, kuma shi ya riƙe karatunta tun daga sakandare.

Inna Kulu tana da ciwon suga. Wata ƙaya ta soke ta a diddige tun kafin azumi, wurin ya zama miki ya ƙi warkewa. Kullum da safe Jannatu ke wanke shi ta naɗe da bandeji, sannan ta ɗauki littattafanta ta zauna a gindin dogon yaron tsakar gida. Inna takan jawo tabarma kusa da ita, tana tsintar tsakuwa a shinkafa.

"Karanta da ƙarfi in ji," takan ce, ko da yake ba ta jin Turanci ko kaɗan.

Ana gobe Jannatu za ta tafi jarrabawa, ta kwance bandejin ta ga ƙafar ta kumbura har idon sawu, gefen mikin ya yi duhu. Ta daɗe tana kallonsa.

"Inna, anya zan tafi kuwa? Akwai wata jarrabawar nan gaba."

"Ki zauna ki yi mi?" in ji Inna. "Ƙafa ce, tana nan inda take. Tashi ki tai, ɗiyata."

Jannatu ta nuna wa Baiwa yadda ake wankin, ta sa ta maimaita a gabanta. Ta sami Munzali a zaure ta ce masa, in zazzaɓi ya zo ko Inna ta fara ruɗewa, kada a jira, a kai ta asibiti, kuma a kira ta. Ya ce to.

A Birnin Kebbi ta sauka gidan su Mansura a Badariya, ƙawarta da suka yi aji ɗaya. Ranar farko ta jarrabawa bayan sun fito daga ɗakin kwamfuta ta kira gida, Inna ta ɗauka da kanta, muryarta ƙasa-ƙasa, ta sa mata albarka. Kashegari Munzali ne ya ɗauka, ya ce Inna ta sha magani tana barci. Ranar jarrabawar aikin hannu ma shi ne.

"Lafiya lau muke," ya ce. "Ke dai ki mai da hankali ga abin da ya kai ki."

Ta ji kamar da mutane a kusa da shi, amma Mansura na jan hannunta, mai adaidaita yana jira, ta kashe wayar.

Da suka gama, Jannatu ta biya kasuwa ta saya wa Inna takalmi mai taushi wanda ba zai taɓa diddigen ba, ta shiga motar Argungu. Daga tasha ta hau kabu-kabu. Suna shan kwanar layinsu ta hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidansu, maza zaune, wasu da tasbaha. Mai babur ya rage gudu da kansa.

An yi jana'izar Inna Kulu tun shekaranjiya.

Jannatu ba ta yi ihu ba. Ta shiga ɗakin Inna ta tarar an naɗe katifar an jingine a bango. Ta zauna a ƙasa da jakarta a kafaɗa. Mata suna shigowa suna mata gaisuwa tana amsawa. Sai bayan la'asar Munzali ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Yaya, na ce maka a kira ni."

Bai ɗago kai ba. Ya ce zazzaɓi ya rufe ta da safen ranar da ya ce mata tana barci, suka kai ta wani asibitin kuɗi kusa da kasuwa, kafin azahar ta kashegari rai ya yi halinsa.

"Ita ta ce kada a gaya miki," ya ce. "Ta ce a bar ki ki gama."

Wannan maganar Jannatu ta riƙe. Duk lokacin da abin ya taso mata, sai ta ce wa kanta Inna ce ta zaɓi haka, kuma halin Inna ne.

Bayan an yi arba'in sakamako ya fito. Mansura ce ta kira ta tana dariya, ta ce sunansu ya fito su biyu. Jannatu ta ce alhamdu lillahi, ta ajiye wayar, ta ci gaba da wanke-wanken da take yi.

Neman aiki ya ɗauke ta watanni. Gwamnati ba ta buɗe ɗaukar ma'aikata ba. A Birnin Kebbi ta zaga asibitocin kuɗi, wasu su ce sai wadda ta taɓa aiki, wasu su ce ta bar lambarta. Ta je har Ambursa inda aka ce ana neman nas, ta tarar an riga an ɗauki wata. Mansura ta sami wuri ta hanyar kawunta. Daga ƙarshe kiran da ya zo wa Jannatu daga Argungu ne, daga asibitin nan na kusa da kasuwa. Ta so ta ƙi. Baiwa ta ce mata aiki aiki ne, kuma ga shi kusa da gida. Ta je.

Shugabar nas-nas ɗin wurin, Sista Aminatu, dattijuwa ce mai sanyin magana. Ta zaga da ita ɗakin mata, ta nuna mata inda ake ajiye allurai da ruwan ƙari. A mako na biyu suna canza zanen gado, Sista Aminatu ta tsaya tana dubanta.

"Wai ke ce Jannatun Kulu ta bakin gulbi?"

"Ni ce, Sista."

"Allah ya jiƙan ta. Ni na karɓe ta, a wanga gado na gefen taga ta kwanta. Baiwar Allah, tun da aka kawo ta sunanki take kira. Ku kira min Jannatu, ku kira min Jannatu, ita ta san ƙafar. Na ce wa yayanki ya kira ki mana, ya ce kina hanya."

Jannatu ta ci gaba da riƙe bakin zanen. Sista Aminatu ta ga fuskarta, ta gane ta faɗi abin da Jannatu ba ta sani ba. Suka gama shimfiɗa gadon tare.

Da ta tashi aiki ba ta wuce gida ba, ta bi hanyar fadama. Ta sami Munzali yana ban ruwa, ya kashe injin da ya hango ta da fararen kaya.

"Yaya, Inna ta neme ni."

Ya goge hannunsa a jikin riga.

"Ta neme ki," ya ce.

"Ka ce min ita ta hana."

"Likita ya riga ya gaya min ba za ta tashi ba. Na ɗauki waya na ajiye, na sake ɗauka na ajiye. Na ce in kin zo, ita ta tafi, jarrabawar ma ta tafi. Ban iya ba, Jannatu."

"Da ka bar ni na zaɓa."

"Da na bar ki," ya ce. Idanunsa sun cika, ya juya yana kallon shinkafar.

Ta tsaya kaɗan, sannan ta juya ta kama hanyar gida ita kaɗai.

Ba ta bar aikin ba. Ta roƙi Sista Aminatu a mai da ita ɗakin yara, aka mai da ita. Da safe Munzali yakan fito da babur ɗinsa ya tsaya a ƙofar gida ba tare da ya kira ta ba. Wata rana ta hau, wata rana ta wuce shi ta tafi a ƙasa. In ta hau, yakan sauke ta a bakin asibitin, ta ce, "Na gode, Yaya," ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Har yau iyakar maganarsu ke nan.